Sunan da Yaya Rakiya ta hana a maimaita

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da muka kai Yaya Rakiya makwancinta a Keffi, kuma har yau ban huce ba.

Ita ta goya ni. A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa, manyan motoci na ratsa gari ba dare ba rana, tana sayar da tuwo a bakin tasha. A gidan mijinta na fari a Liman Abaji ta haifi maza biyu. Da damina ta kama sai gaɓoɓinsu su kumbura, idanu su yi ɗorawa, su yi ta ihu har murya ta dishe. Amosanin jini ne. Duk biyun suka koma kafin su isa kaciya. Dangin miji suka ce jininta ne ke cin 'ya'ya, aka sallame ta.

Ta daɗe a gida kafin wani manomi daga Agwada ya aure ta. Shekaru sun ja sannan ta haifi Ladi, mai ɗan faffaɗan fuska da laushin jiki, wadda ta yi jinkirin zama da magana. Nan gari ya yanke hukunci: miji daban, gida daban, ga shi an kuma. Tsofaffi suka ce 'yar ruwa ce, a kai ta bakin rafi a ajiye, masu ita su karɓi abinsu. Yaya ta ɗaure ta a baya ta ce, “Sai dai ku ajiye mu tare.” Ta hana su ɗaukar Ladi, amma maganarsu ta shige ta.

Rashin sani ya fi dare duhu. Sai da na tsufa wata likita ta warware mini. Ta ce halittar mutum kamar dammunan dawa ce, rabi daga uba, rabi daga uwa. A amosanin jini ƙwaya ɗaya ce ta lalace, kuma ba ya kama yaro sai uba da uwa kowa ya kawo irin tasa. Na Ladi kuwa dami guda ne ya ƙaru lokacin shigar ciki, galibi ba gado ba ne, kowace mace na iya gamuwa da shi. Cuta biyu da ba su haɗa hanya ba aka tara a kan mace ɗaya. Mijinta na fari, mai rabin gadon, har ya mutu ba wanda ya nuna shi da yatsa.

Da tana raye ta ga yadda ake gwajin jini kafin aure, me za ta ce? Ina jin kuka kawai za ta yi.

A ciwonta na ajali ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗan'uwa, kada a sa wa kowace yarinya sunana. Kada in shafa musu.” Muka bi wasiyyar. Babu Rakiya ko ɗaya a zuriyarmu.

Watan jiya aka yi mini jika mace. Na zaunar da ɗana, na yi masa bayanin likita tiryan-tiryan, na roƙe shi ya sa mata Rakiya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na gane, Baba. Amma dai a bar sunan.”

Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san fuskarta. Allah ya jiƙan ki, Rakiya. Na kira ki, tunda ba wadda za ta amsa sunan.