Daminar da na ɗauke kwanona daga ciyayya

Shekarun baya, ban daɗe da karɓar gonar mahaifina a ƙauyenmu da ke kan hanyar Dandume ba, na yi wani abu da har yau idan aka tuna sai an yi mini dariya. Na ƙaurace wa ciyayya wata biyu cur saboda atishawa.

Mu biyar ne muke ciyayya. Da an idar da sallar magariba kowa zai fito da kwanon tuwonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijo abokin mahaifina, wanda dukanmu muke kira Baba. A buɗe kwano ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Wurin da nake zama ma na mahaifina ne, bayan rasuwarsa Baba ya nuna mini ya ce in zauna.

To ni ina da wata lalura. Duk shekara idan marka ta sauka, masara ta fitar da kai, sai hancina ya buɗe kamar famfo. Ido ya yi ja, maƙogwaro ya dinga ƙaiƙayi, atishawa kuwa sai in jera goma ban numfasa ba. Kuma ni mutum ne da ba na iya tsallake ko ɗaya ban ce Alhamdulillahi ba. Abokina da ke zama kusa da ni yakan amsa mini sau uku, sannan ya ce, "Malam, iyakar abin da aka ɗora mana ke nan. Sauran ka ji da kayanka."

Na sha ƙwayar kemis, ta dinga sa ni gyangyaɗi a bakin kunya. Mai ɗakina ta yi mini sirace har na gaji. Na daina shan ruwan randa. Duk a banza. Da an yanke dawa kuma sai abin ya tafi da kansa, kamar ba a taɓa yi ba.

A daminar da nake ba ku labari, na ji wani shiri a rediyo kan tarin fuka, ana cewa mutum yana iya shafa wa na kusa da shi bai sani ba. Ni ko tarin kirki ba na yi, amma tun daga ranar zuciyata ta ƙi kwanciya. Ba a yi sati ba sai Baba ya kwanta da tari da zazzaɓi kwana uku. Shi ke nan, na yanke wa kaina hukunci: ni ne na sa wa tsohon nan ciwo, da hannun da nake share hanci nake sa wa a kwano.

Ban gaya wa kowa ba. Ina tsoron a ce gidan wane akwai tarin fuka. Sai kawai na daina fita da kwano. Ina dawowa daga masallaci in shige zaure in ci ni kaɗai. Kofina ma na ɗaura masa jan zare don kada a sha da shi. Mai ɗakina ta tambaye ni, na ce mata ba komai. Ta ce, "Ba komai ne har da zare?"

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba, duk da yawan tunanina, shi ne yadda za a ɗauki abin. A wajenmu mutum ba ya janye kwanonsa haka kawai. Ko dai ya riƙe wani a zuciya, ko yana zargin za a zuba masa wani abu a abinci. Na lura Baba yana amsa gaisuwata a gajarce, sai na ɗauka jikin ne bai gama sakinsa ba.

Rannan abokina ya same ni a gona ina ta atishawa cikin masara. Bai ko amsa mini atishawar ba. Ya ce, "Baba ya ce in tambaye ka, a cikinmu wa kake zargi? Idan shi ne, ka faɗa, ya naɗe tabarmarsa kowa ya ci a gidansa."

Sai a lokacin na gane abin da na jawo. Ciyayyar da ta girme ni za ta watse a kaina. Da yamma mahaifiyata ma ta kira ni ɗakinta, ashe maganar ta iso mata. A nan na fashe na faɗa mata komai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Yanzu kai da ciwo sai ka kai shi zaure ka zauna da shi? Gobe ka tafi Funtuwa."

Na ce, "Inna, idan kuma aka ce shi ne fa?"

Ta ce, "Sai a ba ka magani. Yanzu da ba a ce ba, me ka ƙaru da shi?"

A asibitin Funtuwa aka gwada kakina, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ce ba ni da tarin fuka. Na ce masa ko na'urar ce ba ta gani da kyau ba? Ya cire tabarau ya dube ni. Da ya ji shekarun da na yi ina fama da hancin, sai ya rubuta mini takarda zuwa wani babban asibiti a Zariya, wajen masu duba hanci da maƙogwaro. Abokina ya ce shi zai raka ni, don idan aka bar ni ni kaɗai zan dawo da sabon ciwo.

Sau biyu muka je kafin layi ya zo kaina. Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta tambaye ni watan da abin yake farawa. Na ce ni dai firamare na tsaya, watannin Bature sukan rikice mini, amma da masara ta fara zubar da bununi, wannan garin furen da ke maƙale wa mutum a riga, to ya fara, kuma ba ya barina sai an yanke dawa. Ta ajiye biro ta ce na ba ta amsar da ta fi ta kalanda. Aka ɗiga mini wasu ruwaye a hannu, aka ɗan tsaga fatar kaɗan. Jim kaɗan wurare biyu suka tashi suna ƙaiƙayi. Ta ce jikina ne ba ya shiri da garin furen masara da na ciyawa, yana ɗaukar su kamar abokan gaba.

Na ce, "Likita, ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka."

"Ko da kwano ɗaya muke ci?"

"Ko da cokali ɗaya."

"Ai da hannu muke ci."

Abokina ya rufe fuska da hula. Ita ma sai da ta dara. Na roƙe ta ta rubuta mini a takarda, ta kuwa rubuta da Hausa, har da sa hannu.

Ta ba ni maganin fesawa a hanci da ƙwayar da ba ta sa barci, ta ce in fara tun kafin masara ta fitar da kai, kada in jira abin ya kama ni. In rage shiga cikin masara da hantsi lokacin da garin ke zuba, in sa takunkumi idan ya zama dole. In dawo gida in cire kayan gona a waje, in wanke fuska da hanci. Kuma a daina shanya mini kaya a kan dangar da ke jikin masarar bayan ɗakina.

A daren da muka dawo na fita da kwanona, takarda a aljihu. Na durƙusa na gaishe da Baba, na ba shi haƙuri, na faɗi duk abin da ya faru, na miƙa masa takardar. Ko karɓa bai yi ba.

Ya ce, "Ni ruwa ne ya dake ni a hanyar kasuwa, shi ne tarina. Amma ka ce da ciwon ne, sai ka ɓoye mana? To amfanin zaman namu mene ne?" Ya nuna gefen tabarma. "Mai da takardarka aljihu. Kwanonka za a fara buɗewa."

Na zauna a wurina, aka buɗe kwanona.

Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, tabarmar ta dawo ƙofar gidana. Damina takan zo ta wuce ina aikina lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Yawan damuwa dai bai bar ni ba, har yau nakan koma in taɓa kwaɗon rumbu sau biyu. Amma na gane cewa shirun da na yi don in kare mutane ya fi atishawar cutar da su. Abin da ya dame ni yanzu a kan tabarmar nan nake fara faɗinsa.

Jiya ma na jera atishawa huɗu muna tsakiyar ci. Abokina ya amsa uku, ya jawo kwanon gabansa, ya ci gaba da cin tuwonsa.