Faifan Jamus Zuwa Gusau

Zariya

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar Asuba, na fito daga unguwarmu ta Kwarbai ɗauke da faifan garmaho biyar. Wasan waƙe ne na Jamusawa, labarin jarumi da masoyiyarsa, wanda aka naɗa a gaban 'yan kallo, ni da abokina Malam Isiyaku muna cikinsu, zamanin da hukuma ta aike mu Jamus koyon injin masaƙa. Yanzu Isiyaku yana kwance ba lafiya a Gusau, ya aiko cewa yana marmarin jinsa tun da sauran numfashi.

Da yake bai kamata a ga dattijo kamata da kayan kiɗa, sai na naɗe su da farin ƙyalle cikin jakar fata irin ta littattafai.

A tasha direba ya rusuna. "Allah gafarta malam, littattafai ba sa zama ƙarƙashin kujera." Na ce in riƙe a cinya, ya ce faufau. Ya ɗaure jakar a saman mota, bisa dukkan kaya. Na'ibin limaminmu na zaune daf da ni. Ban iya faɗin abin da ke cikin jakar a gabansa ba.

Funtuwa

Mil arba'in da 'yan kai. Taya ta fashe ƙarfe tara da kwata. Sa'a uku muna gindin ɗorawa, jakata na cikin rana. Fura na sha. A shingen bincike ɗan sanda ya ji "littattafan malam ne," ya roƙi addu'a. Na yi masa.

Gusau

Mun isa da La'asar. Na kwance ƙyalle: faifai huɗu sun lanƙwashe da zafin rana, na tsakiya kaɗai ya tsira. Muka ɗora shi a garmahon Isiyaku. Gogen Turawa ya tashi, macen ta shiga kukanta, har tarin 'yan kallo ana ji.

"Ina sauran?" in ji Isiyaku.

Na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da hawaye.

"Kai, Alhaji! Ka tsallake teku, ka kasa tsallake Kwarbai." Sa'an nan ya lumshe ido, ya rera ƙarshen da kansa, da muryar da ta rage masa, bai yi kuskure ba ko ɗaya.

Komowa

Kashegari da Magariba na iso gida a gajiye liƙis. Godiya ta tabbata ga Allah, da iyalin Isiyaku, da direban nan wanda bai yi nufin kome ba sai girmamawa.