Malam Habibullahi da tagar da ake ganin bayanta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2008, Malam Habibullahi, mai koyar da kwamfuta a Rano, ya rasu bayan jinyar kwana goma sha ɗaya.

Malam, ni Zakiyyu, a wurinka na fara taɓa kwamfuta, kuma kai ka duba mini aikin gama jami'a har sau uku. Ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba, don haka abin da na gani kawai zan rubuta.

A allon kwamfuta akwai akwatunan da ake kira taga. Ka so a riƙa hango abin da ke bayan taga ba sai an rufe ta ba. Tsofaffin injinanmu kuwa da an ja irin wannan taga sai su tsaya cak, domin suna sake lissafin launin allon gaba ɗaya. Ka gyara tsarin, ya koma lissafa gurbin da ya canza kawai. Ni na riƙe agogo. Daƙiƙa bakwai ta koma ƙasa da ɗaya.

Don murna ka ce wa ɗalibai, "Tagarmu ta zama shara-shara." Maganar ta isa kunnen Alhaji Lado, mai shagon atamfa, wanda bai san wani shara-shara ba sai na tufafi. Bai taka ƙofar ajinka ba, bai tambaye ka ba. Ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce kana nuna wa 'ya'yan mutane tsiraici. Ɗalibai ashirin da uku suka koma huɗu. Na ce mu kai ƙara, ka ce, "Bar shi, Zakiyyu, bai gani ba ne."

Ranar sadakar ukunka sai ga Alhaji Lado a tabarmar gaba, yana ta cewa, "Wallahi mutumin kirki ne." Ashe ya sani.

Alhaji, wannan yabon ba ya amfanin kowa. Har yau a makaranta ana kiran yaran Malam, Ramlat da Mu'minat, 'ya'yan mai shara-shara. Injin yana nan, zan kunna maka. In ka gani, ka faɗa da ƙarfi a inda ka faɗi na farko.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Malama Safiya da 'yan'uwansa na Kibiya haƙuri. Yaran nan biyu kuma, Allah Ya sa a kira su da sunan ubansu.