Yakuwar da Muka Bari a Tsaye

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa wa wani maganar da ba shi ya yi ba. Abin da na tabbatar shi ne a ƙarshen kaka ne, a wata gonar kayan lambu da ke garin Pleasant Garden, a nan ƙasar Turawa, shekarar da na gama digiri a fannin noma na soma aiki a can.

Gonar irin wadda gidaje ke rajista tun bazara ce, duk Asabar kowa ya zo ya ɗauki kwalinsa na abin da aka tsinka. Mai gonar wata Baturiya ce mai ƙarancin magana. Yawancin masu zuwa Turawa ne daga unguwar Irving Park, amma a shekarar na jawo gidaje huɗu ko biyar na mutanenmu, har ta ware mana kunya biyu a gefen rumfa mu shuka abin da muke so.

Cikinsu akwai wata Hajiya 'yar Nijar da ke zaune wajen ɗanta a titin Gate City Boulevard. Ita ta kawo gurguzu, wato irin shuka na yakuwa, a ƙullin leda cikin gwangwanin madara. Na gonar mahaifiyarta ne a wani ƙauye bayan Maraɗi. Mahaifiyar ta rasu, gonar ma ta fita daga hannunsu. Irin bai cika tafin hannu ba. Na ce mu rage rabi, ta ce ya tsufa, in aka ƙara ajiye shi ba zai fito ba, a zuba duka a samu sabo. Ina jin a nan tana da gaskiya.

Yakuwar ta yi kyau, ta fi ni tsawo, karanta ja wur. Sai dai ba ta fure sai yini ya soma gajarta, kuma a nan wannan lokacin dab yake da sanyi. Har ƙarshen Oktoba ƙwanson da ke ɗauke da iri kore ne.

A makon rufe gona, ina jin ranar Laraba, mai gonar ta nuna mini wayarta ta ce asubar Juma'a za a yi frost, raɓar nan da ke daskarewa ta ƙone ganye. Ƙyallen rufe shuka da take da shi latas da tattasai za a rufa, don su ne za su shiga kwalin ƙarshe. Ta ce in sare yakuwar in rataye ta a rumfa, wani abu daga ciki zai ƙarasa nuna, in kuwa aka bar ta, ta mutu. Haka ta faɗa, babu kwana. Ni ma na sani, na karanta, har jarrabawa na rubuta a kai.

Da yamma Hajiya ta zo duba kunyarta.

Na ce, "Mama, an ce sanyi na tafe."

Ta ce, "To mi? Ai da sanyi gurguzu ke bushewa, ɗiyata. Mu can sai a kwashe hatsi, a kwashe dawa, yakuwa na nan tsaye abinta."

"Wannan ɗin ƙila ya ɗan bambanta. Mai gonar tana ganin ko a sare."

"A sare shi ɗanye?" Ta fasa ƙwanso ɗaya da farce ta miƙo mini, 'ya'yan farare, masu taushi. "Bon, ke da kika yi lakkwal, kika sha boko, a wane littafi aka ce a yanke iri haka? Wanga ko kaza ba ta ci."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "Haka ne, Mama. Wataƙila ma ba zai yi tsanani ba."

Ban ce mata yakuwar za ta mutu ba. An rene ni a kan ba a musu da babba, kuma irin nata ne, ba nawa ba. Amma ina tsammanin ba ladabi kaɗai ba ne. Tsoro nake in sare, sanyin ya ƙi zuwa, a ce ni na lalata.

Ranar Alhamis na ɗauki adda na tsaya a bakin kunyar, ina tunanin in riƙa sare tushe ɗaya ina barin ɗaya. Ban san tsawon lokacin da na yi a nan ba. Na mayar da addar inda take na tafi gida.

Da safiyar Juma'a ciyawa ta yi fari fat. Kafin hantsi ganyen yakuwar ya yi baƙi ya langaɓe, kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ƙwanson ya yi laushi yana fitar da ruwa. Mai gonar ta duba, ta dube ni, ta wuce. Ban kira Hajiya ba.

Asabar ce ranar ƙarshe. Mutane sun cika gonar, ana tuge sandunan tumatir, ana tonon dankali, wasu na dasa tafarnuwa don baɗi. Hajiya ta sauko daga motar ɗanta da kular fate da ta dafa wa taron. Ta ajiye ta nufi kunyar. Ta bi ta daga wannan kai zuwa wancan a hankali, tana tsinkar ƙwanson tana zubawa a bakin mayafinta. Da ta dawo ta juye mini su a kwali.

Ta ce, "Ashe haka sanyinsu yake. Ni ban san shi ba."

Ta turo kwalin gabana.

"Ke ce mai ilimi, ki gwada ko da guda."

Na shanya su a kan jarida mako uku. Na naɗe wasu daga cikin 'ya'yan a jiƙaƙƙiyar takarda don in ga ko za su tsiro, kamar yadda aka koya mana, sai suka yi funfuna. Na sake, na kuma sakewa, har suka ƙare. Duk inda muka haɗu da Hajiya, a masallaci ko wajen suna, sai ta tambaya da ido, in ce muna jira. Sai da bazara ta dawo na faɗa mata a waya. Ta ce, "To, Allah bai nufa ba," ta tambayi lafiyar mutanen gidanmu. Ba ta sake rajista a gonar ba.

Akwai mata biyu ko uku da ke wanke karas a bakin rumfa ranar Larabar nan, kusa da mu. Idan ɗayarku ta ga wannan, kuma ta tuna na yi wa Hajiya bayani fiye da yadda na rubuta, ko ƙasa da haka, don Allah ta sanar da ni in gyara. Kada ta sassauta mini.