Ranar da Motar Auta Ta Ƙi Tashi

A garejin nan na bayan tasha ba mai kiransa da sunansa na yanka. Mai Kunne, shi ke nan. Shekara arba'in da ɗoriya yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, amma kunnensa ne ya yi masa suna. In ka kawo masa mota ba ya fara taɓa ta. Zai ce ka buɗe bonet ka tayar, shi kuma ya koma gefe, ya goya hannuwa a baya, ya rufe ido, ya karkatar da kai. Minti ɗaya ya yi yawa. Sai ya buɗe ido ya ce, "Bel ne ya saki," ko kuwa, "Je ka canja filogi, kada wani ya sauke maka inji a banza." Kuma in an duba haka ɗin ne. Da aka fara kawo na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, dariya ya yi har da tari, ya ce ai wannan ta ragwaye ce.

To, shekara biyu ke nan da kunnen ya fara cin amanarsa. Na hagu ya fara, da wani fito siriri da ba ya ɗaukewa dare da rana, daga baya na dama ya bi sahu. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Ya koyi kallon leɓen mai magana, ya koyi gyaɗa kai yana cewa "haka ne" ga zancen da bai ji rabinsa ba. In abin ya ƙure masa sai ya hau faɗa, wai mutanen yanzu a cikin maƙoshi suke magana kamar marasa lafiya. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. In aka cire kunnen, me ya rage? Tsoho mai ciwon gwiwa, wanda kowane sabon bakanike ya fi shi saurin kwance noti. A ransa ya tabbata asirinsa a rufe yake.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta kawo masa 'yar motarta ya canja mata kuloci. Kwana biyu ya yi a kanta shi kaɗai, ya hana kowa sa hannu. Ya kwance kik, wato abin da ke juya inji in an murza makulli, ya cire wayoyi, ya sauke akwatin giya, ya sa sabon faifan kuloci, ya mayar da komai. Ana gama azahar Auta ta zo ɗauka, da fararen kayan aikinta, don daga nan asibiti za ta wuce.

"Shiga ki tayar ki ji aikin manya," in ji shi.

Ta shiga, ta murza. Fitilun gaban sitiyari suka kawo, inji ko motsi.

Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san tambayar farko a nan. Da aka murza, kik ya ce ƙas ko bai ce ba? In ya ce, wuta ta isa wurinsa, sai a nemi matsala a batir ko a manyan wayoyi. In kuwa shiru ne ɗif, to daga sama ne, makulli ko fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ko wata siririyar waya. Ƙara ce 'yar mitsitsiya, amma ita ke nuna wa mutum hanyar da zai bi.

Mai Kunne ya koma gefe, ya goya hannuwa, ya rufe ido. Kafin ka ce me, maƙwabta sun matso, don mota ta ƙi tashi a hannunsa ba abin da ake gani kullum ba ne. Ga mai faci, ga mai fenti, ga ƙanensa da ke gyaran jikin mota a rumfar kusa, da guduma a hannu.

"Sake."

Ta sake. Ya saurara da duk ƙarfinsa, ba abin da ya ji sai fiton nan nasa. Da zai ɗora tafin hannu a jikin motar, da magana ta ƙare. Amma ina! Shekara arba'in bai taɓa yin haka ba, sai yau a gaban mai faci?

Ya buɗe ido ya ce, "Shiru ne. Wuta ba ta isa kik ba. Daga makulli ne."

Ya ga Auta ta ɗago ta dubi baffanta, ƙanen nasa, shi kuwa baffan ya sunkuyar da kai yana juya gudumarsa. Bai kawo komai a ransa ba.

Daga nan aka shiga wahala. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su ga hasken rana, duk lafiyarsu ƙalau. Ya kwance murfin sitiyari, ya ciro makullin da wayoyinsa, ya goge, ya hura, ya mayar. "Murza." Ba labari. Gumi ya jiƙa masa riga har ta manne da baya. Ya ga Auta ta fita da wayarta ta yi magana, ta dawo ta zauna, ya san ta nemi wata ta riƙe mata aiki ne, abin ya ƙara ci masa rai.

Ƙanen ya matso daf da shi, ya ɗaga murya. "Yaya, ko mu leƙa manyan wayoyin nan na ƙasa?"

"Kai da aikinka bugun gwangwani, yaushe ka zama mai wuta? Na ce shiru ne! Koma rumfarka."

Ƙanen bai koma ba.

Wajen awa biyu ana abu ɗaya. Can Mai Kunne ya yanke shawara cewa waya ce ta tsinke a cikin damin wayoyin da ke bin ƙarƙashin sitiyari, ya ɗauko filaya zai farke damin ya bi su ɗaya ɗaya. Aikin da in aka fara shi motar sai ta ƙara kwana uku, kuma da wuya ta koma yadda take. Ya sa bakin filaya ke nan ya ji an riƙe masa hannu.

"Baba, zo ka ga wani abu." A fuskarsa ta faɗa, a hankali, yadda zai ga bakinta. "Baffa, don Allah zauna ka murza mana."

Ta ja shi zuwa gaban motar. Ta sunkuya, farar rigarta na gogar baƙin mai, ta tura hannunsa can ƙasa ta ɗora tafin a kan kik, ta danne da nata.

Ƙas. A tafin hannunsa ya ji shi, sarai, kamar an ɗan ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Ƙanen ya sake murzawa. Ƙas.

Ya janye hannunsa. Ya jawo kwali ya shige ƙarƙashin motar. Ga ta nan kuwa, wayar nan mai kauri da ke haɗa inji da jikin mota, tana reto a bayan giya, ya manta bai ɗaure ta ba. Mantuwa ce da ba bakaniken da bai taɓa yi ba, aikin minti biyar. Ya ɗaure, ya daɗe a kwance yana kallon cikin motar kafin ya fito. Murzawa ɗaya ta tashi. Mai faci da mai fenti suka sulale, kowa ya tuna yana da aiki.

Ya shiga ya zauna kusa da Auta yana mayar da murfin sitiyari, ya ja ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun murzawar farko yake yi, Baba. Kowa ya ji."

"Ba shi nake tambaya ba."

Idonta ya kawo ruwa. "Tun bara. Mama ce ta fara lura. Sai in yi sallama sau uku a bayanka ba ka juyo ba."

"Baffanki fa?"

"Ba ka ga duk motar da aka kawo sai ya bar aikinsa ya zo ya tsaya kusa da kai ba? Ya ce, Yaya, ka ji wannan ƙarar ta ƙasa ko?"

Ya gani mana. Har tsiya yake yi masa, wai da tsufansa ya zo satar sana'a. Ashe shekara guda ke nan da aron kunne yake aiki, ana ta yaba masa, shi kuma yana karɓa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaron gareji.

"Akwai likitan kunne a wurinmu ranar Litinin," in ji Auta. "Zan zo in ɗauke ka. Baba, ka ji?"

Ya ji sarai. Ya ɗaure noti na ƙarshe ya fita, ta ja motarta ta tafi.

Ko sifanoninsa bai gama tattarawa ba wata tasi ta shigo. Direban, wanda ya saba zuwa, ya bar ta a kunne, ya ɗaga bonet yana ta zuba, bakinsa na motsi da sauri. Daga rumfar kusa ƙanen ya riga ya ajiye guduma ya taho. Mai Kunne ya ɗaga masa hannu, ya tsaya cak a tsakiyar fili.

Ya dubi direban ya ce, "Ɗaga murya, ɗana. Ba na ji. Na daɗe ba na ji."

Direban ya ƙyalƙyale da dariya, ya waiwaya yana neman wanda zai taya shi. Ba wanda ya taya shi.