Akori-kurar Baba da Sabon Faifai

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na yi rantsuwa cewa ba za su fita daga raina ba. Amma kyautar da na taɓa yi wa mahaifina, wadda na ɗauko da murna kamar na zo masa da kujerar Makka, ita kam ko tsufa ya kwashe mini hankali ina jin za ta rage.

Mahaifina direban kamyo ne, wato babbar motar ɗaukar kaya. Ƙuruciyarsa duk a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ƙare, yana kai gero da gyaɗa, yana dawowa da gishiri da dabino. A gidanmu da ke Zango kowa ya san abu biyu game da shi: bai taɓa kayar da mota ba, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar na'urar wasan bidiyo da nake haɗawa da tele. Sunan da ya raɗa mata shi ne akwatin zaman banza. Lokacin da nake lise, makarantar sakandare, ya taɓa kulle mini manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa, a cikin akwatin sufanunsa har hutu ya ƙare. Ya ce yaron da yake tuƙa mota a cikin gilashi, a cikin gilashi zai ci abinci.

Sai ga hawan jini ya kayar da shi wata safiya a tasha. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarinsa na dama ya saki. Ƙafar yana ja, hannun ya dunƙule, maganar ta dawo amma shi ya ƙi amfani da ita. Likita ya ba shi wata ƴar ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa don yatsun su farka. Ranar da muka iso gida ya miƙa wa jikokinsa ita, ya juya ya fuskanci bango. Abokansa na tasha sun yi ta zuwa da farko, daga baya suka ragu, don zama da mutumin da ba ya amsa gaisuwa sai da kai yana da nauyi.

A lokacin ina gyaran waya a wata ƴar rumfa, ina dawowa gida da azahar in ci abinci in ɗan taɓa wasa. Wata rana zafi ya yi yawa, Inna ta sa aka shigo da shi ɗakina saboda nan ne fanka take. Na ci gaba da wasana na tseren motoci, tunda mai hana ni ya daina hani. Na shiga wata kwana da gudu, motar ta daki dutse ta wuntsila. Sai na ji murya a bayana.

“Wa ya ba ka permin tuƙi?”

Na waiga. Idonsa na kan tele.

“Ba a shiga kwana da wannan gudun,” in ji shi. “Tun daga nesa ake rage wuta. Kai da mutane ka ɗauko da yanzu ana haƙa kaburbura.”

Cikin wasa na miƙa masa manet na ce to Baba, ga ta, a nuna mini. Na yi zaton zai kawar da kai. Sai ya karɓa da hagu, ya ɗora ta a cinya, ya kamo hannun daman nan ya aza a kai.

A cikin motocin wasan akwai na alfarma iri-iri, masu sheƙi, ƙasa-ƙasa kamar kwaɗi. Duk ya wuce su, ya zaɓi wata tsohuwar akori-kura da aka saka a ƙarshen jeri, ina jin don dariya kawai. A cikin hanyoyi kuma ya zaɓi wata ta rairayi da duwatsu, ya ce ta yi kama da bayan garin Tanut. Aka ba da alamar tashi, sauran motoci suka ɓace. Baba ya tashi a hankali, ya kama gefen dama na hanya, ya riƙe. In wata mota ta zagayo za ta sake wuce shi, sai ya raɓe ya ba ta hanya, yana cewa, “Wuce, ɗan gaggawa, za mu tarar da kai a gaba.” Shi ya zo na ƙarshe, da tazarar da har na je na yi alwala na dawo. Da ya isa ya dube ni ya ce, “Duba jikinta. Akwai ƙwarzane?”

Babu ƙwarzane.

Daga ranar akwatin zaman banza ya samu sabon maigida. Kullum bayan la'asar sai ya sa a kunna masa. Babban yatsan dama da ya ƙi ƙwallon likita, shi ne yake wahala a kan maɓallin ba da wuta, yana zamewa yana komawa. Wani tsohon tela maƙwabcinmu, abokinsa tun na yarinta, ya fara shigowa kallo, ya zama yaron mota, yana faɗin “a hankali, akwai rami” alhali ramin zane ne. A nan Baba yake buɗe baki. Kowace kwana ta tuna masa da wata kwana ta gaske, da wanda ya taɓa faɗuwa a wurin, da shekarar da ruwa ya cinye hanya suka kwana uku suna cin garin rogo. Ni kuwa da na'urar take tawa, sai na koma mai jiran layi.

Ana haka sai kashi na biyu na wasan ya fito. Duk samarin unguwa maganarsa suke. Mai butik ɗin da muke sayen faifai a wurinsa ya nuna mini a telensa, na ga motoci kamar ka sa hannu ka taɓa, ruwan sama yana sauka a gilashi. Ya ce in kawo tsohon in yi ciko in ɗauki sabo.

“Me za ka yi da na ɗaya bayan na biyu ya zo?” in ji shi. “Duk abin da ke cikin wancan yana cikin wannan, har da ƙari.”

Maganar ta shige ni. Na ce a raina, mutumin da ya ji daɗin tsoho haka, ina ga ya ga sabo. Ban tambayi Baba ba, don kyautar ba-zata nake so in yi. Na zare faifan da safe yana barci, na kai, na karɓo sabon a cikin kwalinsa mai ƙyalli. A hanya har ina tsara irin albarkar da za a sa mini.

Bayan la'asar tela ya zo, Inna ma na kira ta ta tsaya a bakin ƙofa don ta shaida. Na kunna. Kiɗa ya tashi kamar gidan biki. Baba ya bi jerin motoci har ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi.

“Ina motata?”

Na ce ai waɗannan sun fi ta, Baba, wannan jar ma kaɗai ta ninka ta gudu.

“Ban tambaye ka gudu ba. Ina hanyar Tanut?”

Babu ita. Hanyoyin sabon duk birane ne masu dogayen gidaje da fitilu. Ya daure ya zaɓi wata mota, ya tashi a hankali yadda ya saba, ya kama gefensa na hanya. Ashe masu sabon wasan sun sa agogo a saman tele. Bai kai kwana ta biyu ba lokaci ya cika, hoton ya tsaya, wani rubutu ja ya fito, wata murya ta yi masa ihu da Turanci, aka mayar da shi farkon hanya. Ya sake gwadawa, aka sake korar sa. Tela ya ce, “Me yake cewa?” Na ce cewa yake an makara.

Baba ya ajiye manet a kan tabarma, a hankali, kamar mai ajiye makullin motar da aka karɓe masa.

“A tasha ma haka suka ce mini,” in ji shi. Ya nemi a mayar da shi ɗakinsa.

Washegari bai fito ba, jibi ma haka. Tela ya zo ya yi sallama ya koma. Ni kuma ga sabon wasa, ga na'ura ta dawo hannuna babu mai jayayya, abin da na shekara ina fata, amma ko kunnawa na kasa. A rana ta uku Inna ta tare ni a tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

“Kai da ka iya gyaran waya, ba ka iya barin abin da bai lalace ba?” ta ce. “Ka je ka dawo masa da motarsa.”

Na koma butik. Mai butik ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tsofaffin faifai ba sa kwana a wurinsa, kwali guda yake haɗawa ya sayar wa wani mutumin ƙauyen Gafati da yake da rumfar wasa. Na hau kabu-kabu muka nufi Gafati. Lokacin kaka ne, ko'ina ana yankan gero, amalanken shanu suna ta wucewa da dammuna.

Rumfar ta zana ce, da pano ɗaya mai zuƙar hasken rana a sama da batir a ƙasa, da tele biyu. Mai rumfar dattijo ne mai fara'a. Na kwatanta masa faifan, na ce akwai hoton mota a kan rairayi. Ya ce ya gane shi, ai biyu ne ma suka zo masa iri ɗaya, sai ya ba wa ƙanensa ɗaya. Ya nuna mini amalanken ƙanen nasa da ke tsaye a gindin itacen bedi. Na matsa. Ga faifan, wanda raina ya ba ni na Baba ne, an huda shi da ƙusa, an ɗaure da waya a bayan amalanke, don ya riƙa ƙyalli in fitilar mota ta haska. Na tsaya ina kallonsa. A raina na ce, ko ba komai ya samu abin hawa mai irin gudun da ya saba.

Ɗayan yana ƙasan kwali, duk ya sha ƙarce. Mai rumfar ya shafa masa man goge baki, ya wanke, ya goge da bakin rigarsa, ya saka. Faifan ya yi ƙugi ya yi ƙugi, sannan ya tashi. Na ga akori-kura a ƙarshen jeri, na ji kamar na ga ɗan'uwa a baƙon gari. Na fito da sabon faifan a kwalinsa na ce mu yi musaya.

Ya dube ni, ya dubi kwalin. “Ɗana, daga birni ka taso ka ba ni sabo ka karɓi wannan? Lafiyarka ƙalau?”

Na ce ƙalau. Bai yarda ba. Sai da ya kira mutum biyu daga cikin masu ɗaurin gero suka zama shaida cewa da bakina na nema, kada gobe in dawo da rigima. Har na hau kabu-kabu ina jin su suna tattauna irin ciwon da ke damun samarin birni.

Da na iso ban yi wa Baba bayani ba. Na kunna, na ƙara sauti yadda ƙarar injin za ta kai ɗakinsa. Ba a jima ba na ji jan ƙafarsa a tsakar gida. Ya zauna, ya karɓi manet, ya zaɓi motarsa. Aka aika a kira tela.

Sai dai faifan Gafati yana da nasa hali. Akwai wani wuri a tsakiyar hanya, bayan wani dutse, inda ƙarcen ya yi zurfi. Da motar ta kai nan sai hoton ya daskare, injin ya riƙa maimaita ƙara ɗaya. Na miƙa hannu zan kashe in sake kunnawa, Baba ya buge mini hannu, kuma da daman ya buge.

“Bari,” ya ce. “Bariyar jandarma ce. In takardunka sun cika, ba ka da abin tsoro.”

Muka zauna mu uku muna jira. Can faifan ya yi ƙugi, hanya ta buɗe. Baba ya ɗaga wa jandarman da babu shi hannu, ya wuce. Tun daga ranar, duk tafiya sai an tsaya a wannan bariyar, kuma a nan tela yake zuba shayi.

Ba zan ce wasan ne ya warkar da shi ba, don hannun bai koma kamar da ba har yau, kuma likita ma ya yi nasa. Abin da na sani shi ne bakinsa ya buɗe, ɗakina ya koma tasha. Wasan kuwa an yi kashi na uku, an yi na huɗu, duk na buga su a wurin abokai, kuma gaskiya sun fi kyau. Mai butik ɗin nan yanzu tsofaffin faifai yake nema ido rufe, ya ce masu sha'awa suna biyansu da tsada, har ya taɓa tambayata ko zan sayar masa da na Baba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ƙera sabon abu bai san wa yake zaune a cikin tsohon ba, kuma ba aikinsa ne ya sani ba. Aikin na gida ne. Shi ya sa yanzu in sabo ya zo ina karɓarsa da hannu biyu, amma kafin in ɗaga tsoho daga inda yake, sai na tsaya na tambayi mutanen gidan ko akwai wanda bai gama da shi ba.