Ɗigon Jan Farcen Ummu Rawan

A unguwar masu gyaran mota ta Irbid, a ƙasar Jodan, shagona na kayan gyara yana jikin garejin Fawwaz, wanda kowa ke kira Abu Rawan. Mun daɗe muna maƙwabtaka, kuma ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba. Ɗan ƙauye ne, ya taso yana gyara injin ban ruwa a gonakin zaitun, ya shigo birni ya yi ta kwanciya ƙarƙashin motocin haya har ya buɗe nasa wurin. Ba ya shan taba, ba ya zaman karta. Jarabarsa guda ce: wata tsohuwar motar Jamus mai silinda shida da ya tsinto a wurin masu gwangwan. Ya faɗaɗa mata silinda, ya ƙara mata kafireta, ranar Juma'a bayan masallaci ya kai ta tseren hawan dutse. Bai cika yin na ɗaya ba, amma ba a taɓa janyo shi da igiya ba.

Matarsa Ibtisam malamar firamare ce. Ranar da ya fara haɗa injin nan, ta kawo masa abincin rana ta same shi yana neman fenti. A gaban injin akwai fulin karanshaf, faifan ƙarfe biyu ne da roba a tsakaninsu, aikinsa shanye girgizar injin don kada karanshaf ya tsage. A bakin faifan waje ake sa alamar da ake saita wuta da ita. Ibtisam ta buɗe jaka ta fito da jan farce.

"Matsa, Mu'allim," in ji ta, da sunan da muke kiran babban bakanike a nan. "Hannunka rawa yake. Nuna min wurin."

Ta ɗiga ja guda ɗaya. Tun daga ranar, da wannan ɗigon yake saita motar. Ciwon ƙirji ya ɗauke Ibtisam lokacin 'yarsu Rawan tana sakandare, ɗigon kuma yana nan, ya yi duhu amma ana ganinsa.

Bara na leƙa injin na ga robar fulin ta tsattsage kamar dunduniyar manomi. Raina ya ɓaci.

"Abu Rawan, kana so ka kashe motar nan ne? Fulin kamfani ne fa, an yi shi don kai yara makaranta. Kai ka ninka mata ƙarfi, kana murza ta kamar ta ci maka amana."

"To, likita, me ka rubuta mana?"

Na ɗauko masa uku na jera a kan benci. Sabo irin na kamfani, wanda zai yi aiki amma ba zai jure wannan gudun ba. Wani na alminiyon, mara nauyi, mara roba, wanda samari ke rububi saboda injin na saurin tashi. Sai na ukun, mai nauyi, wanda aka ƙera musamman don injin da aka ƙara wa ƙarfi.

Ya ɗaga na alminiyon da yatsa biyu. "Wannan murfin tukunya ne. A kai wa masu suyar ƙosan falafel."

"Na yarda. Ɗauki mai nauyin."

"Nawa na nan lafiya."

"Lafiyar me? Wallahi in ya saki a kan dutse, karanshaf ya karye, injin ya tashi aiki. Ka cire shi ka rataye a bango, kullum ka gaishe shi."

Ya goge hannu da tsumma. "A bango ba ya juyawa, Abu Sa'ib," ya ce. "A nan kuwa duk inda na je tare muke zuwa da ɗigon Ummu Rawan."

Na ji kunya. Amma ban fasa mita ba. Duk safiya in ya shigo shan gahawa sai na tayar da maganar, shi kuma ya ce min mai shago ba ya ganin komai sai abin da zai sayar.

Ana cikin haka motar ta fara rasa ƙarfi a hawa. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya saita wuta daidai kan ɗigon, babu canji. Wata rana da hantsi ya kira ni. Ya cire fulogin farko, ya zura sukuddireba a ramin, ya ce in juya injin a hankali har fistin ya kai ƙololuwa. Na juya. Ya ce tsaya. Muka duba fulin tare.

A ka'ida ɗigon zai tsaya dab da kibiyar jikin injin. Sai muka gan shi can gefe, da tazarar yatsa biyu. Robar ta saki tuntuni, faifan waje ya yi ta zamewa kaɗan-kaɗan, ya tafi da ɗigon. Shekaru ke nan yana saita motar da ɗigon da tuni ya bar inda Ibtisam ta sa shi.

Na janye hannuna daga injin. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya dafe gwiwa. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba.

"Kawo mai nauyin," ya ce.

Da kansa ya ɗaura. Ya sa alama da farin fenti. Da ya tayar, injin ya kama sumul, ba gargada, ba tarin nan da motar ta saba yi, har kanikawan layinmu suka taru suna tafi. Wani ya ce, "Mu'allim, yarinya ta dawo ɗanya!" Ya yi musu murmushin da bai wuce leɓe ba, ya ce in shiga mu je gidansa cin abinci.

Muka tsaya a ƙofar gida, ƙyaure a rufe. Ya zauna yana jira, injin na aiki. Ba wanda ya fito. Ya ƙara jira, sannan ya danna ham. Rawan ta leƙo ta taga, ta sauko da gudu tana gyara mayafi.

"Baba, kai ne? Yi haƙuri, na ɗauka baƙin maƙwabta ne." Ta kalli motar. "Ban ji tarinta ba. Tun da Mama ta rasu, in na ji shi daga kwanar masallaci nake ɗora shayi in buɗe maka ƙofa. Me ka yi mata?"

"Gyara ta na yi, 'yata," ya ce.

Ya kashe injin. Rawan ta riƙe ƙyauren tana jiran ya shigo da motar, shi kuma yana zaune, hannayensa biyu a kan sitiyari.